Dukiya da Soyayya: Daga Gatsby zuwa Jiki Magayi

A shekarar 1925 F. Scott Fitzgerald ya wallafa The Great Gatsby a Amurka. Shekara takwas bayan haka, a 1933, Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar ƙagaggun labarai, zamanin da ya haifar da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Littattafan nan biyu tushensu ɗaya ne, wato saurayi ya rasa budurwarsa saboda mai kuɗi ya shiga tsakani.

Inda suka rabu shi ne abin da kowane saurayi ya yi da baƙin cikinsa. Gatsby ya ɗauka talauci ne kaɗai ya raba shi da Daisy, saboda haka ya tara dukiya ta hanyar fasa-ƙwaurin giya, a lokacin da dokar Amurka ta haramta sayar da ita. Ya sayi katafaren gida daura da nata, yana ta shirya biki ko za ta leƙo. Shi kuwa Abubakar, da Malam Shehu ya aure masa Zainab, bai nemi ya fi shi arziki ba. Daji ya shiga neman asirin ramuwa, kuma asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa, wanda ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. Fitzgerald dukiyar kanta ya tuhuma. Tafida da East sun fi tuhumar zuciyar da ta ƙi haƙuri, ko da yake ba su wanke Malam Shehu ba.

Wannan tuhuma ta Fitzgerald ita ce ta fi wuyar ɗauka a fim. A littafi, mai karatu yana ganin kome ta bakin Nick Carraway, maƙwabcin Gatsby, mutumin da ke sha'awar masu kuɗin nan yana kuma ƙyamarsu. Kyamara ba ta iya ƙyama ba. Abin da aka ajiye a gabanta shi take ƙawatawa. Fim ɗin 1974, wanda Jack Clayton ya ba da umarni, Robert Redford ya fito a matsayin Gatsby, lambar Oscar biyu ya ci, ɗaya ta kiɗa, ɗaya ta sutura, wato adon da marubucin ya nufa da zargi. Na Baz Luhrmann na 2013 ma ya ƙara wa bukukuwan ƙyalli, har mai kallo ya yi sha'awar a ce an gayyace shi, alhali a littafin ɗaruruwan da suka ci suka sha a gidan Gatsby kusan babu wanda ya halarci jana'izarsa.