Motar Kara da Motar Kwali: Ƙananan Maƙeran Garwa

(Kiɗan buɗe shiri)

Muna gaida mutanen Garwa da kewaye, da na Pitoa, Gider, Figil da Lagdo, da na Marwa da Ngaundere, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Yola da Mubi.

Yau zancen mota za mu yi, amma motar da ba ta shan fetur, ba ta biyan kuɗin tasha, wadda ake ɗauka a tafin hannu. Iri biyu ce. Akwai wadda kamfanonin Turai da Amurka da Japan suke sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mutum ya zauna ya harhaɗa. Akwai kuma wadda yaranmu suke ƙerawa da kara da gwangwani da waya a bakin lungu. Ku biyo mu, ku ji inda suka haɗu, da abin da ya rataya a wuyanmu mu manya.

(Kiɗa kaɗan)

Mu fara da ta kwalin, tunda ita ce baƙuwa. Idan ka buɗe kwalin ba za ka ga mota ba. Abin da za ka tarar shi ne ƙananan sassa na roba, wani lokaci fiye da ɗari, maƙale a jikin wani firam, kowane da lambarsa: ga inji, ga kujeru, ga sitiyari, ga tayu, ga gilasai, ga salansa. Tare da su akwai takardar da ke nuna abin da za a fara da abin da zai biyo baya. Mai haɗawa zai yanke kowane sashe da reza, ya goge bakinsa, ya shafa gam na musamman wanda yake narkar da fuskar robar kaɗan, sassa biyu su zama abu guda. Sannan ya yi fenti, ya jiƙa ƙananan tambura a ruwa ya manna. Mota ɗaya takan ci makonni.

Yadda ake yin sassan kuwa, sai ku tuna kaskon waina mai gurabu. Ana sassaƙa siffar kowane sashe a jikin ƙarfe mai ɓari biyu, a narkar da ƙwayoyin wata roba da ake samu daga ɗanyen mai, a tura ta da ƙarfi cikin gurabun, ta huce, a buɗe. Sassaƙa wannan ƙarfe shi ne mai cin kuɗi, shi ya sa kamfanoni suke shafe shekaru da dama suna buga mota da ƙarfe ɗaya.

Sana'ar ta bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Ingila, kamfanin Airfix, wanda a lokacin mataji na roba yake yi, ya fitar da ƙaramar motar noma ta Ferguson a 1949. A Amurka, Revell ya fara sayar da jerin tsofaffin motoci na haɗawa a 1951, shi kuma AMT, da ke yi wa dillalan motoci ƙananan samfura na talla, ya fito a 1958 da kwalin da za a iya haɗa motarsa ta hanyoyi uku. A Faransa an kafa Heller a 1957. A Japan kuwa, Tamiya ya fara a 1946 a birnin Shizuoka yana sana'ar katako, daga baya ya koma roba, kuma har yau duk watan Mayu ana yin babban baje kolin wannan sana'a a birnin. Kasuwar ta taɓa faɗuwa lokacin da hankalin yara ya koma wasannin talabijin da kwamfuta, har Airfix ya karye a 1981 kafin a farfaɗo da shi. A yau da yawa daga cikin masu sayen waɗannan kwalaye magidanta ne masu furfura.

Abin da ya kamata mu riƙe a nan shi ne ma'auni. A bayan kwali za ka ga an rubuta 1:24 ko 1:25. Ma'anarsa, an raba kowane tsawo na motar gaske gida 24 ko 25. Motar da tsawonta ya kai mita 4 da santimita 80, idan aka raba 24, za ta dawo santimita 20. Taya ma haka, ƙofa ma haka, har madubin gefe. Ba a barin komai ga kintace.

(Kiɗa kaɗan)

To mu dawo gida. Irin wannan kwali ba kasafai ake ganinsa a kasuwannin arewacin Kamaru ba. Kaya ne na shigowa, sai ya sauka Duwala, ya ratso ƙasa mai nisan fiye da kilomita 1,000 kafin ya iso Garwa, kuma gam da fentinsa su ma sai an yi odarsu. Abin da ya cika rumfuna, musamman gab da Sallah, shi ne motar roba haɗaɗɗiya, mai araha, wadda yaro zai ja ta kwana kaɗan taya ta fita, a jefar da ita a bola. Wannan ba ta koya wa hannu komai.

Amma tun kafin zuwan roba, yaranmu suna da masana'antarsu. Da an gama kaka an sare dawa, kara ya samu. A wajejen Marwa ma sau biyu ake samunsa, domin masakwar da ake dasawa a ƙarshen damina sai cikin sanyi ake girbe ta. Yaro zai feƙe ɓawon kara siri-siri, ya yayyanka totuwar mai taushi, ya riƙa soka ɓawon a cikinta, har ginshiƙi ya tashi, bodi ya tsaya, rufi ya hau. Babu ƙusa, babu gam. A kudancin ƙasar da tukurwa ake yin irin wannan aiki, mu a nan da kara.

Idan yaro ya ƙara wayo sai ya hau matakin gwangwani da waya da langalanga. Gwangwanin kifi ya zama bodi, na madara ya zama tankar mai. Tsohon silifa a yanka shi da'ira-da'ira ya zama taya, ko a haɗa murafun kwalba biyu baki da baki. Robar tsohon tif ita ce maɗauri. Sai doguwar waya da aka lanƙwasa kanta ta zama sitiyari, mai mota yana tafe a tsaye yana juyawa, tayun gaba suna bin hannunsa. Masu sauraro, ku tsaya a kan wannan. Yaron da ya sa tayun gaba biyu suka juya tare da sanda ɗaya ya warware matsalar da ake karantawa a ajin injiniya. Wanda ya lanƙwasa waya don motarsa ta riƙa lilo a kan gargada ba tare da kaya sun zube ba, ya gano aikin sifirin da kansa.

Kuma ba daga sama suke ɗauko siffofin ba. Garwa gari ne na manyan motoci. Tun da layin dogo ya tsaya a Ngaundere a 1974, kayan da za su wuce arewa zuwa Marwa, Kuseri da Injamena sai a kan taya, kuma ta gadar Binuwai suke ƙetarewa. Ga motocin auduga na kamfanin Sodecoton, wanda hedikwatarsa take nan Garwa, suna shigowa maƙil da farin kaya a lokacin saye. Ga tankokin mai, ga dogayen bas-bas na matafiya, ga motocin 'yan kasuwa da ke nufar Pitoa ran Lahadi. Yaron Rumde Ajiya ko na Yalwa ko na Jambutu yana ganinsu kullum, idonsa yana ƙirga tayu, yana lura da inda tsani yake, da inda yaron mota yake zama. Shi ya sa za ka ga tirelar gwangwani da tayunta na baya bibbiyu, har da rubutu a gindin bodi.

Yanzu ku auna su biyun. Mai haɗa motar kwali wani ne ya yi masa zane, wani ya zuba masa sassa, shi nasa haƙuri da tsabtar aiki. Yaronmu kuwa shi ne mai zane, shi ne mai neman kaya, shi ne maƙeri, shi ne mai gwaji. Aikin masana'anta guda yake yi shi kaɗai. Abin da kwali ya fi shi da shi abu biyu ne: ma'auni da takarda. Yaronmu da ido yake aunawa, kuma idan motar ta lalace, ilimin da ke cikinta ya tafi, domin bai taɓa zana ta ba.

(Kiɗa kaɗan)

Wani zai ce, ai wasan yara ne. To ku ji abin da masu ƙera motar gaske suka yi da wasan yara. Daga 1930 zuwa 1968, kamfanin General Motors na Amurka ya riƙa shirya gasar ƙera ƙananan samfura ga samari, da farko keken doki, daga baya mota, kuma ladan wanda ya yi fice shi ne kuɗin karatun jami'a. Ɗaya daga cikin waɗanda suka lashe ta, Chuck Jordan, a 1947, shi ne ya zama shugaban sashen zanen motoci na kamfanin baki ɗaya a 1986. Har gobe, kafin a buga sabuwar mota sai an fara sassaƙa siffarta da wani irin yumɓu. Kuma kada a ce wannan fage na Turawa ne kaɗai. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, a wannan kamfanin ya yi aiki, shi ne ya zana siffar samfurin motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya.

Saboda haka kiranmu na farko ga iyaye ne. Baba, idan ka tarar da ɗanka ya baje gwangwanaye a zaure, kada ka ce masa ɗan bola. Tsuguna ka tambaye shi yadda ya yi tayun suka juya. Ka sayo masa rula da fensir da ƙaramar filaya, kuɗinsu bai kai na motar robar da za ta karye ba. Inna, idan 'yarki ce ta ɗauki wayar, ki bar ta, hannu bai san mace ko namiji ba. Sai dai a kula: bakin gwangwani yana yanka, a nuna wa yaro ya daddanne shi, a tabbata ya yi rigakafin cutar sarƙe-haƙora, kuma a hana shi ƙona roba ko fasa tsohon batir.

Kira na biyu ga malamai. Darasin raba lamba da na auna tsawo yana nan kwance a cikin motar kara. Malam, ka fita da ɗalibai su auna motar da ke tsaye a ƙofar makaranta, su raba kowane tsawo gida 20, su zana a takarda, sannan su ƙera. Wanda lissafi yake ba tsoro, ranar zai ga amfaninsa da idonsa.

Kira na uku ga masu gareji, masu walda, makarantun koyon sana'a, da Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, da attajiranmu da masu sarauta. Gasar ƙera ƙananan motoci sau ɗaya a shekara ba ta fi ƙarfinmu ba. A sa sharaɗi cewa kowa ya kawo motarsa tare da zanenta da ma'auninta. Wanda ya yi zarra a biya masa kuɗin makaranta, ko a ba shi gurbin koyon aiki wajen ƙwararren bakanike. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma waɗannan yara su ne gobe za su gyara mana injin ban-ruwa, su ƙera mana na sussuka, su riƙe garejinmu.

Masu sauraro, a nan za mu dasa aya. Idan akwai irin waɗannan yara a unguwarku, ku aiko mana da labarinsu, za mu kai musu ziyara mu ji daga bakinsu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a hannuwansu.

(Kiɗan rufe shiri)