BABI NA UKU: GUDUNMAWAR HUKUMA WAJEN RAYA ƘANANAN SANA'O'I DA TSOFAFFIN UNGUWANNI A BIRNIN KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar sana'a da rabe-rabenta a wurin Bahaushe. Shi kuwa wannan babi zai dubi irin hannun da hukuma take sa wa a harkar ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu a birnin Kano, da yadda wannan taimako, ko rashinsa, yake shafar unguwannin da waɗannan mutane suke zaune. Abin da ake nufi da hukuma a nan shi ne duk wanda ragamar tafiyar da birni take hannunsa a kowane zamani, wato sarauta, da En'e, da ƙaramar hukuma, da kuma gwamnatin jiha. An fi mayar da hankali a kan Kasuwar Kurmi da unguwannin da ke kewaye da ita, amma an taɓo wasu kasuwannin domin kwatance.

3.1 Dangantakar Kasuwa da Unguwa

A tsohon birnin Kano da wuya a raba kasuwa da unguwa, domin yawancin kayan da ake bajewa a rumfa a cikin gidajen unguwa ake yin su. Sunayen unguwannin ma sun isa shaida. Akwai waɗanda suka samo suna daga sana'a, kamar Dukawa da Soron Ɗinki da Lokon Maƙera da Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Akwai kuma waɗanda suka samo suna daga baƙin fataken da suka sauka a cikinsu, kamar Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Dandalin Turawa, inda Larabawa suka zauna.

Idan aka ɗauki babbar riga guda ɗaya, za a tarar ta bi ta hannun masaƙi da marini da mabugi da maɗinki da mai aikin wuya kafin ta isa hannun dillali. Haka kuma matan aure da ke cikin gidaje suna ɗinkin hula, suna yin gurasa da alkaki da ƙuli-ƙuli, ana kai musu kasuwa. Saboda haka duk ranar da ciniki ya ja baya a rumfa ɗaya, gidaje da dama ne cefanensu yake raguwa. Wannan ne dalilin da ya sa ba a iya maganar raya unguwa irin waɗannan ba tare da an yi maganar kasuwarsu ba.

3.2 Yadda Abin Yake a Da

Tarihi ya nuna cewa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne ya kafa Kasuwar Kurmi. A wancan zamani taimakon da sarauta take bai wa 'yan kasuwa bai wuce abubuwa uku ba: wurin zama, da tsaro, da shari'a. Ganuwa da ƙofofinta sun ba baƙo kwanciyar hankalin sauke kayansa. An kuma naɗa sarakunan sana'a, irin su Sarkin Kasuwa da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Dillalai, waɗanda suke sasanta rigima, su tara haraji, su kai kukan mutanensu fada. Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, abin da ya fi jan hankalinsa shi ne saƙa da rini, da nisan ƙasashen da tufafin Kano suke kaiwa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, an rushe tsofaffin rumfunan Kurmi aka sake gina su a jere, domin a sami sauƙin karɓar kuɗin rumfa. Amma babban abin da ya sauya al'amura shi ne isowar hanyar jirgin ƙasa a 1911. Daga nan kantunan Turawa da na Kwarori suka kafu a wajen ganuwa kusa da tasha, aka buɗe Sabon Gari, cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Fataucin raƙuma ta hamada ya riƙa ja baya, nauyin ciniki ya fara karkata daga cikin birni zuwa Fagge da Kantin Kwari da Sabon Gari. A nan za a iya lura da cewa hanya ɗaya da hukuma ta shimfiɗa ta ɗaga wasu unguwanni sama, ta bar wasu a baya, ko da kuwa ba da wannan niyya aka yi ta ba.

3.3 Wa Ke da Alhakin Kasuwa a Yau?

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sannan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su, har da kwashe shara. Sai dai birnin Kano ba shi da hukuma guda ɗaya mai riƙe da shi gaba ɗaya. Ya rarrabu ne a tsakanin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Bayan haka, ikon ƙasa a cikin birni yana hannun gwamna tun daga dokar mallakar ƙasa ta 1978, kuma manyan ayyuka suna hannun hukumomin jiha, kamar KNUPDA mai tsara birni, da REMASAB mai kwashe shara, da KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa.

Illar wannan rarrabuwa ita ce, mai rumfa yakan biya kuɗi ga masu karɓa daban-daban, amma idan kwata ta toshe a ƙofar rumfarsa bai san ofishin da zai nufa ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Wannan hukunci yana da muhimmanci ga ƙananan kasuwanni, domin ƙaramar hukumar da ba ta riƙe da kuɗinta ba za ta iya tsara gyaran rumfa ko na magudanar ruwa ba.

3.4 Hanyoyin da Hukuma Take Bi

3.4.1 Samar da Wurin Kasuwanci

Hanyar da hukuma ta fi sabawa da ita ita ce ware sabon fili a bayan gari a mayar da masu sana'a iri ɗaya can. Ta haka Dawanau ta zama kasuwar hatsi, 'Yan Lemo ta zama ta kayan marmari. Misali na kusa shi ne na masu sayar da magunguna a sari, waɗanda aka tayar daga Sabon Gari a 2024 aka umarce su da komawa cibiyar da aka gina a Dangwauro, a kan hanyar Zariya. Amfanin wannan tsari a fili yake: manyan motoci suna samun wurin sauke kaya, cunkoso yana raguwa, jami'ai suna samun sauƙin sa ido a kan ingancin kaya.

Amma akwai asarar da ba a cika lissafa ta ba. Babban ɗan kasuwa yana iya sayen sabon shago ya bi kayansa. Mai shayi da mai abinci da ɗan dako da mai tura baro, waɗanda a gefen shagon suke samun abin kai wa gida, ba su da wannan hali. Su ne kuma mazauna unguwar da aka baro. Ke nan tayar da kasuwa yana iya gyara sana'a ya kuma raunana unguwa a lokaci guda, sai fa idan an tanadi abin da zai maye gurbin wadda aka ɗauke.

3.4.2 Hanya da Magudanar Ruwa da Kashe Gobara

Lungunan cikin birni an yi su ne domin mai tafiya a ƙasa da jaki. Mota ba ta shiga yawancinsu, kuma tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, mai sayayya daga nesa sai ya sauka a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. Wannan yana daga cikin abubuwan da suke sa baƙo ya gwammace Kwari ko Sabon Gari a kan Kurmi. Aikin rufe kwarin Jakara da shimfiɗa titi a kansa, wanda aka fara a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011-2015), an yi shi ne da nufin buɗe wannan yanki da rage ƙazanta da ambaliya, amma ya shafe shekaru a tsaye bayan an sami canjin gwamnati.

Abubuwa biyu da suka faru sun nuna tsadar sakaci a wannan fanni. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. A daminar 2022 kuma ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddoji masu yawa, inda 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa. Duk shagon da aka ƙara a kan hanya ko a kan kwata yana kawo kuɗin shiga na ɗan lokaci, amma shi ne yake tare motar kashe gobara ranar da ake bukatarta.

3.4.3 Jari

Tun asali ƙaramin ɗan kasuwa a Kano ba daga banki yake samun jari ba. Yana samu ne ta adashi, ko ta karɓar kaya bashi ya sayar ya kawo kuɗi, ko kuma ubangidansa ya sallame shi bayan ya yi shekaru yana tsaron shago. Duk waɗannan a kan amana da sanayya suka ginu. Gwamnatin jiha ta taɓa kafa ƙananan bankuna a ƙananan hukumomi domin ba da rance, ana kuma yawan rabon kekunan ɗinki da injinan markaɗe da ɗan kuɗin jari ga mata da matasa.

Matsaloli uku ne suke rage amfanin irin wannan tallafi. Ta farko, mutane da yawa suna ƙyamar bashi mai kuɗin ruwa saboda addini, abin da ya sa banki marar ruwa irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, ya sami karɓuwa. Ta biyu, idan rabo ya bi ta hannun 'yan siyasa, mai karɓa yakan ɗauke shi a matsayin rabonsa, ba ya tunanin biya. Ta uku, jari ba ya magance rashin mai saye. Marinin Ƙofar Mata da badukun cikin birni sun iya aikinsu. Abin da ya dame su shi ne kayan waje masu araha da suka cika kasuwa, da tsadar baba da fata.

3.5 Matsalar Rashin Ɗorewar Manufa

Ɗan kasuwa ba ya zuba dukiyarsa a wurin da bai tabbatar zai kwana a hannunsa ba. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da wasu wurare, bisa hujjar cewa gwamnatin da ta gabata ta raba filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi sun kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wannan bincike ba zai shiga batun wanda ke da gaskiya ba. Abin lura shi ne, filin da wata gwamnati ta bayar wata ta karɓe, asarar ta faɗa a kan 'yan kasuwa da kuma baitulmalin jama'a gaba ɗaya, kuma ta sa masu jari ɗari-ɗari da takardar hukuma.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tun zamanin Rumfa bunƙasar sana'a a Kano tana tafiya ne tare da abin da hukuma ta tanada na wuri da tsaro da hanya. An ga kuma cewa a yau alhakin ya rarrabu a hannu da yawa, kuma an fi ba da ƙarfi ga gina sababbin kasuwanni a bayan gari da rabon kayan tallafi, alhali tsofaffin unguwanni sun fi bukatar kwata mai gudana, da hanyar shiga, da ruwan kashe gobara, da haraji guda ɗaya sananne. Haka kuma sarakunan sana'a da masu unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun fi kowa sanin wanda yake sana'a da gaske, don haka ya kamata a riƙa tuntuɓar su kafin a tayar da kasuwa ko a raba jari. Babi na gaba zai dubi yadda waɗannan sauye-sauye suka shafi kalmomi da salon maganar ciniki a Kasuwar Kurmi.