Kiwon Jatan Lande da Ƙananan Kifaye a Akwatin Gilashi

A ƙasashen Turai da Asiya akwai al'adar kiwon kifi cikin akwatin gilashi a ɗaka, ba don ci ba sai don ado. Wasu masu kiwon sukan haɗa kifin da jatan lande na ruwan daɗi, wato na kogi da tafki. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne jan nan da masana ke kira Neocaridina davidi, ɗan asalin Sin da Taiwan, mai tsawon santimita 3 ko kusa da haka. Akwai kuma Caridina multidentata, wanda Takashi Amano, mutumin Japan da ya rasu a 2015, ya fito da sunansa saboda yadda yake cinye gansakuka.

Matsalar haɗin guda ce: kifi yakan haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa. Saboda haka karfasa da tarwaɗa ba su cikin lissafi. Ko ɗan kifin nan neon tetra, da ba ya cika taɓa manyan jatan lande ba, yana tsince ƴaƴan. Macen takan riƙe ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta na wajen mako 3 ko 4, ƴaƴan kuma su fito ƙanana ƙwarai. Su ma manyan suna da lokacin rauni, domin jatan lande yana saɓa kamar maciji, kuma kafin sabon ɓawo ya yi tauri jikinsa taushi gare shi. Maganin abin shi ne maɓoya: ciyawar ruwa mai duhu, da duwatsu, da guntayen itace. Kifin da aka fi amincewa da shi kuwa shi ne Otocinclus na Kudancin Amurka, wanda bakinsa na kankarar gansakuka ne.

Abin lura shi ne ruwa ya fi kifi kisa. Sinadarin kulorin na ruwan famfo yana halaka su, haka ma tagulla da ke cikin wasu magungunan kifi. Sun fi son ɗumi tsakanin digiri 20 da 26, abin da ke da wuya a gari irin Yamai, inda zafin watan Afrilu yakan wuce 40.

Afirka ta Yamma ma tana da nata, Atya gabonensis, mai kai santimita 15. Duk girmansa ba ya farauta. Tace abinci yake yi daga ruwa mai gudu da wasu gasu masu kama da mafici a hannuwansa na gaba.