Muhawara a kan Filin Wasan Birnin Cape Town: Wuri da Kuɗi

A ranar 15 ga Mayu, 2004, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, watau FIFA, ta ba Afirka ta Kudu ikon shirya Gasar Cin Kofin Duniya ta 2010. Murna ba ta gama lafawa ba sai gardama ta kaure a birnin Cape Town a kan tambayoyi biyu: ina za a yi wasannin, wa kuma zai biya? A zahiri tambayoyin daban suke, amma amsar ta farko ita ce ta yanke ta biyu.

Wurare uku aka yi ta ja-in-ja a kansu. Akwai Newlands, tsohon filin ƙwallon zari-ruga, wanda shi ne aka sa a takardar neman gasar tun asali, kuma gyara kaɗan yake bukata. Akwai Athlone, wanda hukumomin birni da na lardi suka fi so. Na uku shi ne Green Point, wani fili na jama'a a bakin teku, kusa da unguwannin masu hannu da shuni, inda tilas a fara sabon gini tun daga tushe.

Ba za a fahimci hujjar masu son Athlone ba sai an waiwayi tarihin birnin. A ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, dokar raba unguwanni ta 1950 ta ba gwamnati ikon ƙayyade wa kowane jinsi inda zai zauna. A 1966 aka ware unguwar District Six, wadda ke tsakiyar gari, don Turawa kaɗai, aka rushe gidaje, aka kwashe mutane fiye da 60,000 zuwa wani faƙo mai yashi da iska da ake kira Cape Flats. A wannan yanki ne Athlone take, kuma can ne ƙwallon ƙafa ya yi saiwa, domin a Cape Town wasa ne na talakawa, kamar yadda aka daɗe ana ɗaukar Newlands a matsayin dandalin Turawa. Saboda haka masu wannan ra'ayi suka ce, in dai za a kashe dukiyar jama'a, to a kashe ta inda hanyoyi da motocin haya da fitilun titi za su amfani waɗanda aka daɗe da yi wa saniyar ware, inda kuma 'yan kallo za su ci gaba da zuwa bayan baƙi sun watse.

FIFA kuwa wani abu daban take kallo. Babban kuɗin shigarta daga sayar da ikon nuna wasanni a talabijin yake zuwa, kuma a Green Point hoton filin zai fito da teku a gefe, ga Dutsen Tebur a bayansa. Jaridu sun ruwaito cewa wani wakilinta ya nuna masu kallo a duniya ba za su so ganin bukkoki da talauci a kewayen filin ba. Har ila yau akwai ƙa'ida: filin da za a yi wasan kusa da na ƙarshe sai ya ɗauki aƙalla mutum 60,000, abin da Newlands da Athlone ba su kai ba. Wannan hujja ce ta gaske, sai dai ba dole ba ne birni ya nemi wannan wasa tun farko. A farkon 2006 aka ba da sanarwar an zaɓi Green Point.

A watan Maris na wannan shekara Helen Zille ta zama Magajiyar Gari, ta kuwa ja birki, tana tambayar inda birni zai samo kuɗin alhali dubban mutane ba su da gidaje da magudanun ruwa. Mazauna Green Point su ma suka ƙi, don gudun hayaniya da asarar filin shaƙatawa. Abin lura shi ne, mai kuɗi da talaka sun haɗu a kan ƙin wurin, ko da yake dalilansu sun sha bamban. Daga bisani, da gwamnatin ƙasa ta ɗauki kaso mafi tsoka, birni ya amince, aka fara aiki a Maris 2007, aka gama a Disamba 2009.

Ginin ya ci kimanin Rand miliyan 4,400, ya zarce kiyasin farko nesa ba kusa ba. Ƙurewar lokaci na daga cikin dalilai, domin mai gini da wa'adi a wuyansa ba ya iya ciniki. Daɗin daɗawa, a 2013 hukumar da ke hana haɗa baki a kasuwanci ta ci tarar kamfanonin gine-gine 15 Rand miliyan 1,460 saboda haɗa kai wajen tsara farashin kwangiloli, ciki har da na filayen gasar.

Wasanni 8 aka yi a filin, har da na kusa da na ƙarshe, inda Holan ta ci Urugwai 3 da 2. To, a nan ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi a irin wannan muhawara ya bayyana. Kuɗin gini sau ɗaya ake biya, amma kuɗin kula da ciyawa da rufi da lantarki da masu gadi kowace shekara yake dawowa, kuma wannan bai shafi FIFA ba, bai kuma shafi baitulmalin ƙasa ba. Kamfanin da aka shirya zai karɓi hayar filin ya janye a Oktoba 2010, bayan ya lissafa ya ga asara. Nauyin ya koma kan masu biyan harajin birni, har da mazaunin Athlone wanda sai ya shiga mota ko jirgin ƙasa kafin ya ga filin da yake biya wa. An rage kujeru zuwa 55,000, duk da haka ƙungiyar Ajax Cape Town ta yi ta wasa a gaban 'yan dubbai kaɗan, har wasu suka ba da shawarar a rushe shi ko a mai da shi gidaje.

Sauƙi bai samu ba sai a 2021, sa'ad da ƙungiyar zari-ruga ta lardin ta bar Newlands ta tare a Green Point a matsayin babbar 'yar haya. Tun daga nan aka daina manyan wasanni a Newlands, filin da aka fara miƙa wa FIFA.