Ƙwace Ƙwallo a Zafin Arlit

Arlit gari ne da yuraniyom ya haifa. An kafa shi a 1969 a tsakiyar hamada, kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a 1971, sannan COMINAK ta biyo baya da raminta na ƙarƙashin ƙasa a 1978, garin Akokan ya tashi a gefenta. Inda ma'aikata suka taru kuwa ba a rasa tamaula. Ƙungiyoyin Urana da Akokana duk sun taka leda a babbar gasar Nijar, ga shi kuma zuwa wasa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000.

Yaran garin, kamar na Kano da Maraɗi, a gidan kallo suka ga Liverpool ta Jürgen Klopp, inda Sadio Mané da abokansa ke yi wa mai ƙwallo rubdugu da zarar ta kuɓuce musu. Abin yana burge mai kallo. Sai dai Klopp a sanyin Jamus da Ingila ya gina salonsa, ya ci gasar Jamus da Dortmund a 2011 da 2012. A Arlit kuwa zafin watan Mayu da Yuni yakan haura maki 40. Kocin da ya ce a yi ta gudu minti 90 a nan, kafin hutun rabin lokaci yaransa sun riƙe ƙugu.

Ko can Turai ba gudun banza ake yi ba. Arrigo Sacchi, wanda ya ci kofin Turai da AC Milan a 1989 da 1990, ya fi damuwa da tazara: kada tsakanin ƴan baya da ƴan gaba ta wuce mita 25. Idan ƙungiya ta dunƙule haka, taku kaɗan kowa zai yi ya cim ma mutuminsa. Idan ta warwatse, ɗan gaba zai ruga shi kaɗai, a yi masa fasin biyu a wuce, ya ɓata numfashinsa a banza. Wannan darasi ya fi amfani ga mai wasa a rana fiye da mai wasa a dusar ƙanƙara.

Sai kuma sanin lokacin afkawa. Masu horarwa suna koyar da alamu: an mayar wa gola ƙwallo, ko ɗan baya ya tare ta ta yi masa tsalle, ko ya karɓa yana fuskantar ragarsa, ko an tura ta bakin layi inda ba shi da mafita. Ɗan wasa na farko ya tunkari mai ƙwallo a karkace, jikinsa na rufe hanyar fasin tsakiya. Na biyu da na uku su tsare na kusa. Ƴan baya su matso. Filin da ba shi da laushi ma taimako ne a nan, domin ƙwallo ba ta cika kwanciya a ƙafa ba.

Akwai kuma iyaka. Koci Ralf Rangnick ya kafa agogo a filin atisayen Hoffenheim: daƙiƙa 8 a ƙwato ƙwallo, daƙiƙa 10 a buga raga. Idan wa'adin ya wuce ba a samu ba, hikima ita ce kowa ya koma wurinsa, a jira wata alamar. Atisayen wannan salo ba ya buƙatar kuɗi: mutum huɗu su kewaye biyu a ɗan fili, ana musayar wuri duk lokacin da aka ƙwace, da sassafe ko bayan la'asar, ruwa a ajiye kusa.

Dokokin wasa ma sun sassauta. An fara ba da hutun shan ruwa a hukumance a gasar cin kofin duniya a 2014, a wasan Holan da Meziko a Fortaleza, kuma tun 2020 koci na iya canza mutum biyar. Wanda ya ajiye ƴan gaba biyu masu jini a jika zuwa minti na 60, zai iya sake matsa wa ƴan bayan da rana ta riga ta gajiyar, musamman baƙin da suka kwana a hanyar Tawa zuwa Agadas.