Ɗaki Na Yoyo Babu Damina

Mu a nan gida, in aka ce ɗaki na yoyo, ba sai an tambaya ba, damina ce ta kankama. Ko dai indararo ya toshe da ganye da leda, ruwa ya kwanta a kan soro har ya sami hanya tsakanin azara, ko kuwa ƙusar kwano ta yi tsatsa ta bar kafa. Amma 'yan'uwanmu da neman abinci ko karatu ya kai su arewacin Amurka da Kanada, su nasu yoyon a tsakiyar hunturu yake zuwa, ranar da ko ɗigon ruwan sama babu. Mutum yana zaune sai ya ga silin ya yi tabo, fenti ya kumbura, ruwa na bin bango ta saman taga. Da yake wannan mujalla tana kaiwa hannun wasunsu, wasu kuma 'ya'yansu ne ke can, mun ga ya dace mu yi bayanin abin da ke kawo haka.

Waɗanda suke jihar Massachusetts a shekarar 2015 ba za su manta ba. A ƙarshen watan Janairu na shekarar, garin Wusta, inda 'yan Ghana suke da yawa, ya sami dusar ƙanƙara wajen santimita 88 a zuba ɗaya. A watan Fabrairu kaɗai birnin Boston ya sami wajen santimita 165, kuma kafin hunturun ya ƙare jimlar ta kai santimita 281, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a tarihin birnin. Sanyi bai sassauta ba balle dusar ta narke ta tafi, sai ta yi ta taruwa a kan rufi mako bayan mako. Gidaje masu ɗimbin yawa sun yi yoyo, har da waɗanda rufinsu lafiya lau yake.

To ina ruwan ya fito? Abin mamaki, daga cikin gidan matsalar take tasowa. Gidajen can galibi rufinsu mai gangare ne, kuma tsakanin silin da rufin akwai wani kogo da ba a kwana a ciki. In an kunna na'urar ɗumama gida, iska mai zafi takan tashi sama, ta bi duk kafar da ta samu ta shiga wannan kogo, ta ɗumama rufin daga ƙasa. Ita kuwa dusar ƙanƙara kamar bargo take, tana riƙe ɗumi, saboda haka ko da a waje sanyi ya wuce misali, ƙarƙashinta yana iya haura digiri sifiri, watau 32 a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi. Sai ta fara narkewa daga ƙasa, ruwan ya gangaro ba wanda ya gani.

Bakin rufi kuwa ya zarce bango ya leƙa waje, babu ɗumin ɗaki a ƙarƙashinsa. Da ruwan ya iso nan sai ya sake daskarewa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ƙanƙara ta yi tudu a bakin rufin ta zama madatsa. Ruwan da ke biyowa baya ba shi da wurin wucewa, sai ya taru ya zama kududdufi. Rufin can kuma ƙananan falle-falle ne da aka jera wani kan wani kamar ɓawon kifi, an yi su ne don ruwa mai gudu, ba don ruwa mai kwanciya ba. Sai ruwan ya koma baya ya kutsa ta ƙarƙashinsu ya shiga gida. Wanda ya taɓa ganin soron da indararonsa ya toshe ya riga ya gane maganar, sai dai a can ƙanƙara ce ta toshe hanyar, kuma ɗumin mai gida ne ya haife ta.

Alamar farko ita ce dogayen tsinkayen ƙanƙara da ke reto a bakin rufi. Baƙo yakan ɗauki hotonsu ya aiko gida don sha'awa, alhali in sun yi yawa kuma sun yi kauri, suna nuna zafin da ake biya da kuɗi yana tserewa ta sama. A duba rufin maƙwabta bayan an yi dusa. In nasu fari fat, naka kuwa ya yi sanƙo a tsakiya, to gidanka na zubar da zafi. Ɓarnar kuma ba ta tsaya ga tabon silin ba. Ruwan yakan jiƙa audugar da aka shimfiɗa don tare zafi, ta daina aiki, katako ya ruɓe, fumfuna ta kama cikin bango inda ido ba ya gani, wadda ke tayar wa masu asma da ƙananan yara ciwonsu.

Maganin gaskiya a cikin kogon rufi yake, ba a kan rufin ba. Abin da ake so shi ne rufin ya zauna da sanyi daga sama har ƙasa, don dusar ta kwanta abinta. Da farko a toshe kafofin da iskar ɗaki ke bi: gefen fitilun silin, inda bututu da wayoyi suka ratsa, kewayen bututun hayaƙi, da murfin da ake hawa kogon ta cikinsa. Wannan ya fi kome muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa, domin mutane sukan ƙara auduga a kan kafa a buɗe, iska kuwa ta ci gaba da ratsawa. Bayan an toshe ne ake ƙara kaurin audugar, tare da kula kada ta rufe ƙofofin iska da ke ƙarƙashin bakin rufi, don ta nan iskar waje mai sanyi ke shiga ta fita ta ƙololuwa.

A nan sai mun taɓa kanmu kaɗan. Mu mutanen rana ne, in sanyi ya matsa mukan murɗa na'urar ɗumama gida har ƙarshe, ga tukunyar tuwo da ta miya suna tururi awa da awanni. Ba mu ce a daina tuwo ba. Amma a tabbata fankar kicin da ta banɗaki waje suke fitar da tururi, domin a wasu tsofaffin gidaje cikin kogon rufi suke zuba shi, zafi da laima gaba ɗaya.

Wanda zai sake rufi kuwa, ya tambayi magini game da shimfiɗar roba mai manne da ake sawa ƙarƙashin fallayen a bakin rufi. A yankunan sanyi ƙa'idar gini takan ce ta shiga aƙalla santimita 60 daga layin bango zuwa ciki. Ba ta hana madatsar tashi, amma tana hana ruwa shiga.

In kuwa dusar ta riga ta sauka, akwai manjagara mai doguwar ƙota da ake sayarwa don wannan aiki. Daga ƙasa ake tsayawa a janyo dusar da ke wajen mita ɗaya na bakin rufi, a yi nesa da wayoyin lantarki. Kada a hau tsani a kan santsi, kada kuma a ɗauki gatari ko guduma a ce za a fasa ƙanƙarar, rufin ne zai fashe. Gishirin da ake watsawa a hanya yana cin ƙarfe yana kashe shuke-shuke. Wasu sukan cika doguwar safa da garin kalsiyam kuloraid su ɗora ta a gicciye kan madatsar don ta narkar wa ruwa hanya, dabarar wucin gadi ce. In abin ya yi girma, akwai masu sana'ar narkar da ita da tururi, amma da tsada.

Yawancin mutanenmu a can haya suke yi, kuma mun san halinmu na kawaici, sai a tara bokiti a yi shiru don kada a ɓata da mai gida. Gyaran rufi nauyinsa ne. Da an ga tabo a ɗauki hoto, a sanar da shi a rubuce da kwanan wata, a janye kaya daga wurin, in ruwan ya kusanci fitila a kashe wutar ɗakin. A kuma sani, inshorar mai gida ginin take karewa, katifarka da akwatin tufafinka sai in kana da taka ta ɗan haya. Masu gidan kansu kuwa, aikin kogon rufi da sharar indararo a watan Satumba ko Oktoba ake yin su, a sake duba indararon bayan ganye ya gama zuba, kafin dusar farko ta sauka.