Zuba 'ya'yan kifi a madatsun ruwan Katsina: me ake gyarawa?

A shiyyar Daura, daga Mashi har Mai'adua, babu kogin da ke gudana shekara cur. Kifin da ake kamawa a yankin daga madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam yake fitowa, sai tafkunan da damina ke cikawa. Duk sa'ad da masunta suka koka cewa kamu ya ja baya, amsar da ta fi saurin zuwa bakin 'yan siyasa ita ce a sayo 'ya'yan kifi daga gidajen ƙyanƙyasa a zuba. Aiki ne mai kyau a hoto, kuma yana da adadin da za a karanta wa manema labarai.

Sai dai ɗan kifin gidan ƙyanƙyasa ba ɗaya yake da na tafki ba. Tarwaɗa ba ta cika yin ƙwai da kanta a kwami ba, don haka allura ake yi wa macen a matso ƙwan, a yanka namijin a ciro maniyyinsa a haɗa. Iyaye ƙalilan kan haifar da dubban 'ya'ya, kusan duk jini ɗaya. Wasu ma barbarar yanyawa ce tsakanin tarwaɗa da ramboshi, an haɗa su ne don saurin girma a kan abincin buhu, ba don jure bazarar da ruwa ke ƙafewa ya koma taɓo ba.

Amurka ta daɗe a kan wannan muhawara game da kifin salmon. Da madatsun ruwa suka tare masa hanyar komawa inda yake ƙwai, sai aka yi ta gina gidajen ƙyanƙyasa a madadin koguna. A yau ƙasashen da ke gaɓar arewacin tekun Fasifik suna sakin 'ya'yan salmon kimanin biliyan 5 kowace shekara, amma nau'o'i da dama na kogin Kolumbiya suna cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2007, kan wani ɗan'uwan salmon a kogin Hood na jihar Oregon, ya nuna ƙarfin hayayyafa a kogi yana raguwa da kusan kashi 40 cikin 100 a kowane zubi da aka raina a tsare. Masu kare gidajen ƙyanƙyasa, ciki har da ƙabilun asali da kifin ke ciyar da su, suna cewa in babu su da wasu kogunan sun zama wayam. Suna da hujja.

Kiwon tarwaɗa a kwamin siminti ko tamfol sana'a ce da ta rufa wa matasa da yawa asiri, kuma tana rage wa tafki nauyi. Matsalar tana farawa ne idan aka saki irin nan a ruwan kowa da kowa alhali abin da ya cinye na farko yana nan daram: yashi da ke cike madatsa, gidan sauro da aka mayar taru, guba, da su a farkon damina lokacin da tarwaɗa ke haurawa ciyayi don yin ƙwai.

Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abubuwan fashewa, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga. A Argungu, Matan Fada ba a shigarsa da su sai lokacin biki, kuma sarautar gargajiya ce ke tsare wannan hani.